Babi na Bakwai: Su a Ruwa Mai Gudu

Manyan kifaye masu cin 'yan'uwansu, irin su giwan ruwa da tsage da ragon ruwa, sun fi taruwa a wuraren da kogi ya matse ya bi ta kan duwatsu da gudu, ko inda ruwa yake zubowa daga bakin madatsa. Ruwan da yake dukan dutse yana kumfa yana haɗiyar iska, shi ya sa ya fi ruwan kwance wadatar oksijin da kifi yake shaƙa. Gudun nasa kuma yana kankaro tsutsotsi da ƙwari daga ƙarƙashin tsakuwa, yana wujijjiga ƙananan kifaye har su kasa riƙe kansu. Ga abinci yana zuwa da kansa, ga numfashi cikin sauƙi. Sai dai akwai abin da sabon shiga yakan daɗe bai gane ba: babban kifi ba ya zama a tsakiyar gudun. Ƙarfin da zai ɓata wajen tsayuwa a can ya fi abin da zai samu ya ci. Raɓewa yake yi a gefe, inda ruwa mai gudu yake gugar ruwa mai sanyin tafiya, ya zura ido yana jira. A kan gano wannan iyaka dukkan dabarun su a irin wannan wuri suka ginu.

Inda ake samun irin wannan ruwa

Ƙasar Makoɗa da Ɗambatta ba ƙasar manyan koguna ba ce. Jigawa ce ta gero da dawa da gyaɗa da wake, gona na manne da gona, ƙauye na hango ƙauye. Kogunan wannan shiyya, wato Tomas da Gari da Jakara, da damina kawai suke gudu. Da rani sai yashi, kuma in sun miƙa arewa maso gabas sukan baje cikin rairayi har hanyarsu ta ɓace. A da, sun da manomin wannan yanki ya sani bai wuce na tafki da gurbi ba, inda ake taruwa da koma idan ruwa ya ja baya. Abin da ya sauya lamarin shi ne shirin gina madatsu da aka faro a zamanin Gwamna Audu Bako, wanda ya mulki Kano daga 1967 zuwa 1975. Daga wannan shiri aka samu dam ɗin Tomas a nan kusa, da na Gari, da na Watari a Bagwai, da na Jakara a Wasai. Mafi girmansu shi ne na Tiga a kan Kogin Kano, wanda aka kammala a 1974, yana ɗaukar ruwa kusan mita kubik biliyan 2. Na Challawa a Ƙaraye ya biyo baya a 1992.

Don haka mutumin wannan yanki da yake neman ruwa mai gudu ba sai ya yi nisa ba. Akwai makwararar dam idan ya cika ya tumbatsa a watan Agusta ko Satumba. Akwai ƙofar da ake sakin ruwa zuwa hanyoyin ban ruwa na noman rani. Akwai bakin ƙoramu da suke shigowa dam bayan an yi ruwan sama mai ƙarfi, har ma da ƙarƙashin gada da kwalbati, inda ruwa yake matsewa ya fita da ƙarfi ya haƙa rami a gabansa. Ƙananan wurare ne, kuma kifin da ya fi yawa a cikinsu tarwaɗa ce da karfasa. Amma halin ruwan ɗaya ne da na manyan koguna, kuma wanda ya koyi karanta shi a bakin kwalbati ba zai zama baƙo ba ranar da ya tsaya a ƙasan Tiga.

Gangaren duwatsu na sosai sai an nufi kudancin jihar, inda Kogin Kano ya ratso dajin Falgore, da kuma ƙasan madatsar Tiga. A can nesa, a kan Kogin Kwara, gangaren Busa ne ya fi kowanne suna. A nan ne Baturen nan Mungo Park ya halaka a 1806, kuma Sarkawan Yawuri sun yi shekaru aru-aru suna su a wannan shiyya kafin madatsar Kainji ta shanye gangaren a 1968. A Yuganda, masu neman giwan ruwa daga ƙasashe daban-daban sukan je ƙasan mafaɗar ruwa ta Murchison a kan Kogin Nilu, haka ma Kogin Faro a arewacin Kamaru. A duk waɗannan wurare maganar ɗaya ce, kifin yana gefen gudu, ba a cikinsa ba.

Karanta ruwa

Masunci da ya san aikinsa ba ya jefa ƙugiya da isowarsa. Yakan tsaya a kan tudu ya dubi ruwan tukuna, sau da yawa ya jefa guntun kara ya ga inda zai bi. Karan nan zai nuna masa abin da ido ba ya gani farat ɗaya: inda ruwa yake gudu, inda yake lafawa, da inda yake juyawa ya komo baya.

Wuri na farko da ake dubawa shi ne bayan dutse. Duk dutsen da ya tsaya a hanyar ruwa yana raba shi biyu, ya bar wani ɗan fili mai natsuwa a bayansa. Kifi yana shiga wannan fili kamar yadda mutum yake fakewa a jikin katanga ranar iskar hunturu, iska tana wucewa ta gefensa shi kuwa yana ganin duk abin da ta kwaso. Dutsen da ya nutse ba a ganinsa, amma yana tona asirin kansa, domin saman ruwan yakan yi ɗan tozo mai santsi a kansa, sannan ya yi kumfa a bayansa kaɗan. Kifin yana ƙarƙashin wannan kumfa, ba a kan tozon ba. A gaban dutse ma, ta ɓangaren da ruwa yake dukansa, akwai wani ɗan wurin da ruwan yake tokarewa ya lafa, kuma mutane da yawa suna wuce shi ba su gwada ba.

Na biyu shi ne layin kumfa. Inda ruwa mai gudu ya haɗu da mai sanyin tafiya, kumfa da ganyaye da tarkacen kara sukan jeru su yi dogon layi a sama. Abin da ya tara tarkace a sama shi ne yake tara abinci a ƙasa. Babu alamar da ta fi wannan layi amfani a wurin mai ƙugiya, kuma ko yaro yana iya ganinta in an nuna masa sau ɗaya.

Gurbin da ke ƙasan gangare shi ne gidan manya. Ruwan da ya faɗo da ƙarfi yana haƙa rami, shekara da shekaru, har ya yi zurfin da ya fi tsayin mutum biyu ko uku. Wannan gurbi yana da kai da ciki da wutsiya. A kansa, inda ruwa yake shigowa, kifi mai yunwa yake tsayawa. A cikinsa, can ƙasa, kifi yake hutawa da rana tsaka, kuma da wuya ya kula koto a wannan lokaci. A wutsiyarsa, inda ƙasa take tasowa ruwa ya yi faɗi ya fara sauri kafin ya fita, nan ne manya suke fitowa farauta idan rana ta faɗi, saboda duk ƙaramin kifin da zai bar gurbin dole ta nan zai bi. Masunta da yawa suna cunkushewa a kan gurbi don a nan ruwa yake ƙara yana jan hankali, alhali da almuru wutsiyar ta fi albarka.

Akwai kuma inda ruwa yake kewayawa a lungun gaɓa. A nan ruwan gefe yana tafiya ne sama, saɓanin sauran kogin. Da yake kifi kullum yana fuskantar inda ruwa yake zuwa masa, wanda ke cikin wannan lungu ya juya wa saman kogi baya. Wanda bai lura da haka ba zai tunkare shi gaba da gaba ya kore shi. Ƙa'idar a sauran wurare ita ce masunci ya faro daga ƙasa yana hawa sama, don ya riƙa zuwa wa kifi ta baya, kuma lakar da ƙafarsa ta tayar ta gangara inda ya riga ya wuce. Hausawa sun ce kifi na ganinka mai jar koma, kuma a ruwan kaka da ya tace maganar gaskiya ce tsagwaronta. Farar riga a kan dutse, da inuwar da ta faɗa kan ruwa, da takun ƙafa mai nauyi a gaɓa, duk suna isa ga kifi. Yana da wani layi a gefen jikinsa daga kai zuwa wutsiya wanda yake jin motsin ruwa da shi ko da bai ga komai ba.

Kowane kifi da halinsa

Giwan ruwa shi ne sarkin wannan fage. Yana iya kai tsawon mita 2 da nauyin kilo 200, ko da yake irin wannan ya yi wuyar gani yanzu. A bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka faro a 1934, an sha fito da wanda ya haura kilo 70 daga ruwan Matan Fada. Kifi ne da ba ya jure ƙarancin iska a ruwa, shi ya sa yake son kusa da gangare, musamman da bazara. Idonsa yana da wani shafi mai ƙyalli a ciki da yake mayar da haske, har in an haska shi da tocila sai ya yi walƙiya. Wannan ne yake ba shi galaba a kan ƙananan kifaye da asuba da magariba da cikin dare. A kogunan Kanada da arewacin Amurka akwai wani kifi mai irin wannan ido, kuma masuntan can ma a ƙasan gangare da madatsu suke nemansa, a daidai waɗannan lokuta.

Giwan ruwa ba ya bin abinci da nisa. Laɓewa yake yi a jikin dutse ko kututturen itacen da ya nutse, in ganima ta zo kusa sai ya wangale baki ya zuƙe ta da ruwan gaba ɗaya. Koton da ya fi so ɗan kifi ne mai rai, karfasa ko kawara mai tsawon tafin hannu, a soke shi ta leɓe ko ta gadon baya a ƙasan ƙaya don ya ci gaba da iyo. In ya ɗauka, ba a fizga nan take. Ana sakar masa zare kaɗan har ya juya da koton, sannan a ja da ƙarfi sau ɗaya. Daga nan ne aikin yake farawa, domin yakan yi tsalle sama yana girgiza kai baki a buɗe, kuma marfin kunnensa yana da kaifi da ƙayoyi masu yanke siririn zare. Saboda haka kamu biyu ko uku na ƙarshen zaren dole ya kasance mai kauri sosai.

Tsage kuwa da ido yake farauta, da rana, cikin garke, kuma shi kaɗai ne a cikin waɗannan yake shiga gudun ruwa da kansa ya fito. Haƙoransa dogaye ne masu shiga tsakanin juna, suna datse zaren roba a cizo ɗaya. Dole a sa guntuwar waya tsakanin zare da ƙugiya, kuma silin wayar birkin keke yana wadatarwa. Bakinsa ƙashi ne, ƙugiya mai dakushi ba ta kama shi, don haka a wasa ta kafin a fara. Ba ya son abin da ke kwance. Duk abin da yake ƙyalli yana gudu shi yake kai wa sara, shi ya sa koton ƙarfe mai siffar cokali yake kama shi ƙwarai in an jefa shi ƙetaren gudu ana janyowa da sauri. Da shi ba a jira, ana jin sara ake fizga. Ko gwani yakan rasa da yawa daga cikin waɗanda suka sara, kuma wannan ba laifin hannunsa ba ne.

Ragon ruwa ɗan ƙasa ne kuma ɗan dare. Da gashin bakinsa yake laluben abinci, ba da ido ba, don haka ruwa mai laka bai dame shi ba. Da rana yana cikin kogon dutse, da dare ya fito bakin gurbi. Yankakken kifi, ko ƙaramin kwaɗo, ko tana da aka cika ƙugiya da ita, a ajiye a ƙasa daidai inda gudu ya ƙare, shi ne maganinsa. Da zarar ya ji ƙugiya kogonsa yake nufa, kuma in ya shiga an yi asarar kifi da zare. Daƙiƙun farko ne suke raba gardama, dole a ɗago shi daga ƙasa kafin ya juya.

Tarwaɗa da ramboshi da ƙurungu suna biyo bayan waɗannan, kuma su ne mutumin Makoɗa zai fi cin karo da su. Tarwaɗa ba ta zaɓen abinci: hanjin kaza, fara, shinge, har guntun sabulu tana ɗauka. Ƙurungu yana da ƙayoyi uku masu kullewa a tsaye, sukarsu tana da zafi kuma tana saurin kumbura, don haka ta bayan kai ake kama shi, ƙayoyin gefe suna tsakanin yatsu.

Kai koto inda kifi yake

Kuskuren da ya fi yawa shi ne na dalma. Wanda ya ga ruwa yana gudu sai ya ɗaura mai nauyi don koto ya tsaya wuri ɗaya. Abin da yake biyo baya shi ne dalmar ta faɗa tsakanin duwatsu ta maƙale, koton kuma ya tsaya cak a ruwan da komai yake tafiya, abin da kifi bai saba gani ba. Wanda ya sa marar nauyi kuma, kotonsa a sama zai wuce, kifi yana ƙasa bai san an yi ba. Daidai shi ne dalmar da za ta riƙa taɓa ƙasa tana tashi, mai riƙe da zare yana jin ƙwas-ƙwas ɗinta a yatsa yayin da take gangarawa. Ba a sanin wannan nauyi sai an gwada, kuma yana sauyawa daga wannan dutse zuwa wancan. Dabara mai kyau ita ce a ɗaura dalmar da zare mai rauni a gefe, in ta maƙale ita kaɗai za ta tsinke. Wasu ma ƙaramin dutse ko tsohon noti suke ɗaurawa, abin da ba a jin zafin rasa shi.

Ba a jefa koto a kan kifi. Sama da shi ake jefawa, a karkace, yadda kafin ruwa ya kawo koton wurinsa ya riga ya nutse. Ana ɗaga sanda sama don zare kaɗan ne zai taɓa ruwa, saboda in ya kwanta a kan gudu ruwan zai yi masa ciki ya fizge koton daga layin da ake so. Doguwar sandar gora tana da fifiko a nan, domin da ita ana iya miƙa hannu a sauke koto a bayan dutse kai tsaye. A wurin da ƙasa ta cika sarƙaƙiya, ana sa abin da zai riƙe koto a sama kaɗan da duwatsu, guntun silifas ko totuwar kara, a bar shi ya bi layin kumfa. Sandar zamani mai ƙarfen naɗe zare tana ƙara nisan jifa, tana kuma sakar wa babban kifi zare in ya ja da ƙarfi. Amfaninta ke nan, ba ta nuna wa mai ita inda kifi yake.

In babban kifi ya kamu, kada a yi ja-in-ja da shi da ruwa a lokaci guda. Wanda ya tsaya a sama yana jan kifi zuwa gare shi yana fama ne da nauyin kifin da ƙarfin kogin. Gara ya gangara ta gaɓa ya koma ƙasa da kifin, ya karkata sanda gefe, ya janyo shi zuwa ruwa mai natsuwa. Mai su da zaren hannu kada ya kuskura ya naɗe shi a yatsa ko a wuyan hannu, sai a guntun itace.

Sauran kayan su ma suna da wurinsu. Birgi yana aiki a wutsiyar gurbi da lungun gaɓa inda ƙasa yashi ce, amma a kan duwatsu yagewa yake yi. Kalli ba ya tsayuwa a gudu, tarkace yake tarawa ya kwanta. Mamari, wato dogon zare mai ɗaruruwan ƙugiyoyi marasa koto da ake shimfiɗawa dab da ƙasa, yana kama kifaye marasa ɓawo da suke gogar ƙasa da dare. Gura da ake zuba wa dusa ana kafa ta a gefe, bakinta yana kallon ƙasan kogi, domin kifin da yake hawa ta nan zai shigo.

Lokaci

Ruwan farko na Yuni da Yuli ja ne, ɗauke da ƙasar gonaki. Ido ba ya aiki a cikinsa, sai hanci, don haka lokacin tarwaɗa ne da koto mai wari. Da marka, a watan Agusta, ruwa yakan fi ƙarfin kowa, kifi ya watsu cikin ciyawar fadama, gangaren kansa ya zama wurin haɗari marar riba. Kaka ce lokacin mai ƙugiya. Daga ƙarshen Satumba zuwa Nuwamba ruwa yana ja baya yana tacewa, 'ya'yan kifin da aka ƙyanƙyashe a fadama suna komowa kogi ta ƙananan hanyoyi, manya kuma suna tsare a bakin kowace hanya. Da hunturu ruwa yana sanyi, kifi ya rage ci ya koma zurfi, sai rana ta take ake samun motsi. Da bazara ruwan kwance yana ɗumi iskarsa ta ragu, kifi ya matso duk inda sabon ruwa yake shigowa. A ƙasan Tiga, ruwan da ake saki da rani yana sa kogin gudu a lokacin da sauran koguna suka bushe, kuma sa'o'in farko bayan an ƙara sakin ruwa sukan tayar da kifi ya hau ci.

Wannan sakin ruwan shi ne kuma babban haɗarin wurin. Dutsen da mutum ya taka ya hau da ƙafa a bushe yana iya zama tsibiri cikin ɗan lokaci. Gindin makwarara ya fi ko'ina muni, domin ruwan da ya faɗo yana naɗewa ya komo baya, ya riƙe duk abin da ya shiga, kuma gwanin iyo ma ba ya fita cikin sauƙi. Duwatsun da gansakuka ta rufe suna da santsi. Bai kamata mutum ya je irin wannan wuri shi kaɗai da dare ba, gora ko jarka da aka toshe bakinta kuma ba abin kunya ba ce a ɗaura a jiki. A gefen dam da hanyoyin ban ruwa, inda ruwa yake kwance, akwai ƙananan katantanwa masu ɗauke da tsutsar tsargiya. Masuncin da ya ga jini a fitsarinsa asibiti ya kamata ya nufa, maganin yana nan kuma ba shi da tsada.

Kifi mai ƙwai

Akwai lokacin da kifi yake taruwa a ƙasan gangare ba don ci ba. Da ruwan farko, tarwaɗa da burdo da kawara suna hawa sama don su zuba ƙwai, kuma duk abin da ya tare musu hanya, dutse ne ko bangon madatsa ko kwalbati, nan za su cunkushe. A irin wannan rana ko da kwando ana kamawa, har da sanda ana bugewa. Matan cike suke da ƙwai, tarwaɗa ɗaya tana ɗauke da dubbai masu yawa. Buhun da aka cika a wannan dare kifin shekara mai zuwa ne aka kwashe, kuma ƙaramin dam irin na Tomas ba shi da wani babban kogi da zai sake cika shi da iri.

Magabata sun san wannan. Sarkin Ruwa yana da ikon rufe gurbi ya hana shiga sai ranar da ya buɗe, kuma a Argungu ma ana hana kamun kifi a Matan Fada har zuwa lokacin biki. A jihohi da dama na Amurka da lardunan Kanada ma ana rufe kamun wancan kifi mai ƙyallin ido a makonnin da yake hawa gangare don zuba ƙwai. A Nijeriya, dokar su a ruwayen cikin ƙasa ta 1992 ta haramta guba da nakiya da lantarki. Duk da haka ana samun masu zuba magimfa ko maganin ƙwarin gona a saman gangare, ruwa ya kwashi gubar ya bi da ita gurbi bayan gurbi, ya kashe babba da ƙarami da ƙwai, sannan mutane da dabbobi su sha a ƙasa. Gidan sauron da aka raba don kare yara daga zazzaɓi shi ma ya zama taru a wasu wurare, yana tace 'ya'yan kifin da ba su kai ɗan yatsa ba.

Masunta suna auna idon raga da yatsu. Raga mai yatsa ɗaya ko biyu tana kama karfasar da ba ta taɓa haihuwa ba, mai yatsa uku zuwa huɗu tana barinta ta wuce sai ta girma. Ƙugiya a nan ta fi raga adalci, domin girmanta da girman koto su suke zaɓen kifin da zai kamu, kuma wanda aka ga cikinsa ya cika da ƙwai ana iya zare masa ita da jiƙaƙƙen hannu a mayar da shi da ransa. A ƙananan madatsun arewacin Kano, inda masunta suka san juna kuma mashigar ruwan ba ta da yawa, rufe bakin ƙoramu da gindin makwarara na makonnin farkon damina abu ne da Sarkin Ruwa da masu unguwanni da ƙungiyar masunta za su iya zartarwa a tsakaninsu, su buɗe idan ruwa ya fara tacewa da kaka.